Masu Tambayar Zomo Labarin Hantsar Saniya

Duk wanda zazzaɓi ya taɓa kwantar da shi har aka tura shi gwajin taifot ya san takardar nan mai lambobi: 1:80, 1:160, wani lokaci 1:320. Yawancinmu mun ɗauka ƙwayoyin cutar aka ƙirga. A'a. Ruwan jinin mutum aka ɗiba aka yi ta sirkawa da ruwan gishiri, ana neman iyakar inda zai tsinke amma bai daina cure ƙwayoyin taifot wuri guda ba. In an rubuta 1:160, to kashi ɗaya na ruwan jinin cikin kashi 160 ya isa ya yi wannan aiki. Abin da ke curewar shi ne antibodi, wato furotin ɗin da jiki ke ƙerawa takanas domin baƙon da ya shigo masa, lambar kuma ma'aikatan lab na ce mata taita. Wani likitan Faransa, Fernand Widal, shi ya fito da gwajin a 1896, har yau kuma da sunansa ake kiransa a asibitocinmu.

Akwai masu aiki da wannan lissafi a wani fage da ba a cika jin ɗuriyarsa ba, su ne masu neman rigakafin ciwon hantsa na shanu da awaki da tumaki. Tambayarsu gajeriya ce: ƙwayar cuta nawa za a nuna wa jiki ya farga ya ƙera makami, kada ta yi kaɗan ya raina ta, kada kuma ta yi yawa ta danne shi? Saniya ta yi tsadar da ba za a yi ta lalube a kanta ba, don haka zomo da ɓera ake fara tambaya. A ganina kaɗan ne cikin ayyukan hannu na kimiyya suka kai wannan buƙatar natsuwa, domin tun daga farko har ƙarshe abin da ake aunawa ido ba ya ganinsa.

Makiyayi ya san ciwon ba sai an karanta masa ba. Sashe ɗaya cikin huɗu na hantsa ya kumbura, ya yi zafi, ya yi tauri, saniyar da ta saba tsayawa a tatse ta yau sai harbi. Madarar ta fito ruwa-ruwa, ko da 'yan ƙulle-ƙulle, ko da jirwayen jini. In abin ya daɗe sai ka ji an ce nonon nan ya mutu, ba zai ƙara kawo ruwa ba. A akuya da tunkiya akwai wani mugun nau'i da hantsar ke yin baƙi, ta yi sanyi, ta ruɓe. Amma wanda ya fi cin dukiya shi ne na ɓoye: hantsa lafiya lau a ido, madara fara tas, sai dai ƙwarya ba ta cika yadda ta saba. Don kama irin wannan ne Schalm da Noorlander na Jami'ar Kalifoniya suka fito da gwaji a 1957, a tatsa kowane nono a gurbinsa kan faranti mai gurbi huɗu, a zuba wani ruwan sabulu, in ya yi yauƙi to akwai kumburi a ciki. Bunaji da Bokoloji da ma ba su da madarar da za a yi asararta, ɗan abin da ake samu da maraƙi ake raba shi.

Masu laifin suna da yawa. Streptococcus agalactiae a cikin hantsa ta fi zama, hannun mai tatsa ke kai ta daga wannan saniya zuwa waccan, fenisilin kuma yana maganinta. E. coli daga kashi da taɓon garke take shiga, ta zo da ƙarfinta, ko ta wuce da wuri ko ta kashe. Staphylococcus aureus ita ce mai taurin kai. Tana nutsewa cikin nama ta gina 'yan ƙuraje masu bango, wani lokaci har cikin ƙwayoyin halittar jiki take ɓuya, magani ya bi ta gefe ya wuce. Ita aka fi wahalar da zomo a kanta.

Aikin gwanin da ƙirga yake farawa, tun zomo na can yana cin ganyensa. Ya shafa madarar mai ciwo a farantin renon ƙwayoyi mai jinin tunkiya, ya kwana a na'urar ɗumi kan digiri 37, da safe ya tsinci ɗigo ɗaya mai ruwan zinariya ya sake renonsa shi kaɗai. Sai ya kankaro abin da ya tsiro, ya wanke da ruwan gishiri a injin wulwulawa, ya sake wankewa, har ya rage ƙwayoyin tsantsa cikin ruwa mai ɗan hazo. Nan ne za ka fara ganin hannu. Yana da wata kwalba rufaffiya da aka haɗa daga sinadaran bariyam da asid, ma'aunin da Joseph McFarland ya tsara a 1907. Wadda aka fi amfani da ita, mai lamba 0.5, hazonta daidai yake da ƙwayoyi kimanin miliyan 150 a mililita guda. Sai ya ɗaga kwalaben biyu kafaɗa da kafaɗa a gaban farin kati mai baƙaƙen layuka, ya juya wa taga baya, ya dubi layukan ta cikin ruwan. In na kwalbarsa sun fi dushewa, ya ɗiga ruwan gishiri. In sun fi fitowa, ya ƙara ƙwayoyi. Ido ba mudu ba ne amma ya san kima, idon da ya shekara yana wannan aiki kuwa ba ya kaucewa da nisa.

Duk da haka gwani ba ya tsayawa kan kima. Yana bin hanyar da Miles da Misra suka bayyana a Ingila a 1938: ya sirka ruwan ninki goma, ya ɗebi wannan ya sake ninki goma, haka har kwalba bakwai ko takwas, sannan daga kowace ya ɗiga ɗigo mai mililita 0.02 a busasshen faranti. Washegari ɗigon farko duk sun haɗe ba sa ƙirguwa, na ƙarshe babu komai, a tsakiya akwai wanda ya tsiro tsilli-tsilli. A ce ya ƙirga 12 a ɗigon da aka sirka ninki miliyan. Ɗigo hamsin ke cika mililita, don haka 12 sau 50 sau miliyan, ƙwayoyi miliyan 600 ke nan. Ga kuma tarkon wannan ƙwaya: a cure take tsirowa, goma na iya maƙale da juna su fito a faranti a matsayin ɗigo ɗaya. Wanda bai girgiza kwalbarsa sosai kafin kowace ɗiba ba zai rubuta miliyan ɗari alhali ya ninka haka, kuma duk abin da ya gina a kai daga baya a karkace yake. Dole kuma a gama wannan ƙirga tun suna da rai, matacciya ba ta tsirowa. Sai an san adadi ake kashe su, da ɗan fomalin ko da zafin digiri 60 na sa'a guda. Zafin bai kamata ya wuce kima ba, don kada fatar ƙwayar ta lalace jiki ya koyi fuskar da ba ita zai haɗu da ita a hantsa ba. Daga nan a sake shafawa a faranti a jira. In ko ɗigo ɗaya ya tsiro, an koma farko.

Awon allurar ninki goma-goma ake hawa da shi: wannan rukuni miliyan ɗaya, na biye miliyan goma, sai miliyan ɗari, sai biliyan. Dalili shi ne jiki ba ya bambance miliyan ɗaya da miliyan biyu sosai, sai an yi masa babban taki yake nuna ya ji. Yawan ruwan da ke sirinji ɗaya ne ga kowa, wurin huda ɗaya, rana ɗaya. Akwai rukunin da ruwan gishiri zalla za a yi wa, shi ne shaidar da za a riƙa waiwaya. In za a haɗa da abin zaburar da garkuwa, kamar alam ɗin da Glenny ya gano amfaninsa a 1926, ko man nan na Freund mai ƙarfi da ke barin ƙurji a jikin dabba, to kowane rukuni daidai za a ba shi. Ba a zaɓar ƙosassun zomaye a ba su babban awo don za su fi jurewa, ƙuri'a ake yi. Kuma tun bayan littafin Russell da Burch na 1959 an daina ɗaukar tara dabbobi rututu a matsayin ƙwarewa. Gwani shi ne wanda ya samo amsa da zomaye kaɗan da wahala kaɗan.

Kafin allurar farko akwai wani mataki da mai gaggawa ke tsallakewa, wato ɗibar jinin kowane zomo tun bai ga komai ba. Zomaye su ma suna ɗauke da Staphylococcus aureus a fatarsu da hancinsu, zomanya mai shayarwa har ciwon nono take yi da ita. Zomon da ya zo da tsohuwar taitarsa zai iya sa ƙaramin awo ya yi kamar ya yi abin al'ajabi.

Ɗibar jinin kanta abin kallo ce. A naɗe zomon cikin tawul ya rage kai kawai a waje, a rufe masa ido da hannu ya lafa. A gefen kunnensa akwai jijiya siririya da ake gani ta cikin fata in an ɗaga kunnen ga haske. Gwanin ya aske 'yan gasun wurin, ya riƙe kunnen cikin tafinsa ya ɗumama shi, yana murzawa a hankali har jijiyar ta cika ta miƙe. Ya danne gindinta da babban yatsa, ya shigar da allura kusan a kwance, yana farawa daga can ƙarshen kunne don in wannan huda ta ƙi ya sami wurin matsowa gaba. Jinin ya riƙa sauka ɗigo-ɗigo cikin kwalba. Zomon da ya tsorata jijiyarsa tsukewa take yi, ko ɗigo ba za ka samu ba, shi ya sa ɗakin yake tsit, ɗalibi in zai yi magana sai ya rage murya: "Malam, ya isa haka?" Jinin zomo bai fi mililita sittin ba a kowane kilo na nauyinsa, kuma ba a wuce kashi ɗaya cikin goma a ɗiba guda, galibi ma ɗan kaɗan ake buƙata. A bar jinin ya daskare, a wulwula, a tsame ruwan sama mai launin rawaya-rawaya, a gasa shi kan digiri 56 na minti 30 don kashe wasu furotin na jini da ke rikita gwaji, a rubuta lambar zomo da kwanan wata, a jefa firiza. Haka za a yi duk mako. Wanda ya yi aiki a inda wuta ke ɗaukewa ya san tsaron wannan firizar rabin aikin ne, domin ruwan jinin da ya narke ya daskare sau da yawa ƙarfinsa raguwa yake yi.

Ranar karatu, kwalabe goma ko fiye a jere. Ta farko 1:10. A ɗebi rabinta a zuba a ta biyu mai ruwan gishiri, a gauraya, ta zama 1:20, a ɗebi rabi a kai ta uku, haka har 1:1280 ko sama. Kowane mataki sai an canja bakin abin ɗiba, in ba haka ba ɗan ruwan da ya maƙale zai bi ya kumbura lambar ƙarshe. A ƙara wa kowace kwalba matattun ƙwayoyi daidai wa daida, a ajiye a ɗumi, a kwana. Da safe ya ɗaga kwalba ya ɗan ƙyasta gindinta da farce. Inda babu antibodi, ƙwayoyin sun taru a ƙasa ɗan maɓalli guda, da an ƙyasta su tashi su baje, ruwan ya koma hazo sumul. Inda akwai shi kuwa ruwan sama garau ne, abin da ya kwanta ya tashi guda-guda kamar kunun da bai damu ba. Kwalbar ƙarshe da ta nuna gudaji ita ce taita. Yanzu an fi yin aikin a farantin roba mai ramuka 96 da gwajin ELISA, wanda Engvall da Perlmann suka fito da shi a Suwidin a 1971, inda launi ke fitowa na'ura ta karanta. Amma sirkawar rabi-rabi tana nan, hannu ɗaya ke yin ta.

To me zomayen ke cewa? In an zana taita a kan awo, layin ba miƙaƙƙe ba ne. A can ƙasa babu motsi, jiki ya share baƙon bai ko lura ba. Daga wani wuri sai ya fara hawa, kowane ninki goma ya ƙara kwalba ɗaya ko biyu. Sai ya kwanta, a ninka awo goma taita ba ta gusa ba. In aka matsa gaba tana iya saukowa. Wannan saukowar ta daɗe tana ɗaure wa masana kai. A shekarun 1940 Lloyd Felton a Amurka ya yi wa ɓeraye allurar sukarin da ke jikin ƙwayar namoniya. Ɗan mitsitsin awo ya kare su. Da ya ninka shi dubu, wato rabin miligiram, sai ɓerayen suka kasa ƙera kariya, ko an sake yi musu awon da ya dace daga baya ba sa amsawa. Ya kira abin shanyewar garkuwa. A 1964 Avrion Mitchison a Landan ya nuna cewa ramin biyu ne: awo mai yawan gaske na sa jiki ya yi shiru, ɗan ƙanƙanin awo da ake ta maimaitawa shi ma yana koya wa jiki ya ƙyale baƙon. Gaskiya da cikakkiyar ƙwaya matacciya ba a cika faɗawa waɗannan ramuka da sauƙi kamar da sinadari tsantsa ba. Abin da aka fi cin karo da shi a sama shi ne guba. Fatar E. coli na ɗauke da dafin da ke tada zazzaɓi, zomo kuwa yana jin sa fiye da yawancin dabbobi, har da shi aka daɗe ana gwada tsabtar ruwan allurar mutane. Babban awo na iya kwantar da shi kafin a kai ga auna komai.

Lokaci ma yana da bakin magana. Bayan allurar farko sai an yi kwanaki kafin wani abu ya bayyana, kuma wanda ke fara fitowa shi ne babban antibodin nan IgM, gwanin curewa, mai saurin gushewa. IgG na biyo baya. In an yi allura ta biyu bayan mako biyu ko uku sai taita ta yi tsalle cikin 'yan kwanaki, ta fi ta farko nesa, ta kuma daɗe. A nan rukunin da ya sami matsakaicin awo yakan kamo na babba. Herman Eisen da Gregory Siskind sun ƙara wani abu a 1964, su ma da zomaye: antibodi na ƙara iya damƙa da tafiyar makonni, kuma ƙaramin awo ya fi saurin fitar da mai damƙa sosai, domin in abin kamawa ya yi ƙaranci ƙwayoyin garkuwa mafi iya kamu ne kawai ke samu su hayayyafa. Babban awo kowa ya samu, har da marasa ƙwazo. Ke nan taita biyu na iya zama ɗaya a takarda amma ingancin ya sha bamban.

Karanta lambobin ma da nasa ladabin. Bambancin kwalba ɗaya ba komai ba ne, rawar hannu kaɗai na iya kawo shi, sai an ga ninki huɗu ake cewa an motsa. A ce zomaye uku na rukuni guda sun ba da 40 da 80 da 1280. Ɗan koyo zai tara ya raba uku ya sami kusan 467, ya yi murna. Gwani matsayin kwalabe yake tarawa, ta uku da ta huɗu da ta takwas, tsakiyarsu ta biyar, wato 160, sannan ya koma ya duba tarihin wancan zomo guda da ya yi zarra. Wani lokaci kuma kwalaben farko, inda ruwan jini ya fi kauri, su ne ba sa nuna komai, sai a ta huɗu gudaji ya fito, saboda antibodin ya yi yawan da kowace ƙwaya ta lulluɓe babu wurin haɗa ta da 'yar'uwarta. Mai duba kwalba biyu ya tsaya zai rubuta babu, alhali a nan aka fi samu.

Staphylococcus aureus kuma tana da wata makida tata ta kanta. A jikinta akwai furotin A, wanda Forsgren da Sjöquist suka bayyana halinsa a 1966: yana cafke IgG ta wutsiya, ko na wace cuta aka ƙera shi. A jiki wannan na juya makamin ya fuskanci waje. A kwalba kuwa yana sa jinin zomon da bai taɓa ganin allura ba ya yi kamar yana da taita. Masu aikin suna kauce masa da nau'in ƙwayar da ba ta da furotin ɗin sosai, irin wanda ake kira Wood 46, ko su toshe shi tukuna, wasu ma su koma ga kaza, domin antibodin da ke cikin gwaiduwar ƙwai furotin A ba ya kama shi.

In ana neman wadda ta kai wannan sana'a ƙololuwa, Rebecca Lancefield ce ta Cibiyar Rockefeller a Amurka. Da zomaye da matattun ƙwayoyi da siraran bututun gilashi ta raba dangin Streptococcus rukuni-rukuni a 1933, tana kallon ɗan farin hazon da ke fitowa inda ruwan jinin zomo ya haɗu da abin da ta tsamo daga ƙwayar. Rukunin B nata galibi daga madara da shanu masu ciwon hantsa ya fito, shi ne Streptococcus agalactiae. Sai a shekarun 1970 likitoci suka ankara cewa wannan rukuni na cikin manyan masu kashe jarirai sababbin haihuwa, suka tarar ta riga ta rarrabe musu shi iri-iri. Mu ma ba baƙi ba ne a fagen. Ɗakin binciken Vom a Filato an kafa shi a 1924 ne don samar da ruwan jinin kariya daga bushiya, ana ɗura wa shanu cutar har jininsu ya yi ƙarfi, a ɗiba a kare wasu da shi.

Sai dai zomo ba saniya ba ne, kuma ƙwararre shi ne farkon mai faɗin haka. Taita a jini take, cuta kuwa a hantsa. Dakashi cike yake da antibodi, ya fi na jini ma, amma da an shiga tatsa sosai abin da ke cikin madara bai kai miligiram ɗaya a mililita ba, alhali jini na da kusan ashirin. Ɗan wanda ke tsallakowar ma yawanci IgG1 ne, shi kuwa IgG2, wanda ya fi taimaka wa fararen ƙwayoyin jini su haɗiye ƙwayar cuta, sai hantsa ta kumbura yake kwararowa. Ga shi ƙwayar da aka rena a faranti ba lallai ta sa rigar da take sawa a cikin madara ba. Wannan ya sa tun 1970, lokacin da Chandler ya nuna hanyar a Ingila, ake ƙarawa da ɓera mai shayarwa: a yi mata rigakafi, a cire 'ya'yanta, a zura ƙwayoyi masu rai ta kan nono da allura mai dakusasshen baki, sannan a ƙirga abin da ya tsira a ciki. Alluran rigakafin da suka kai kasuwa sun nuna iyakar abin. Na E. coli mai suna J5 yana rage tsananin ciwo, ba ya hana kamuwa. Startvac na kamfanin Hipra na Sifaniya, da Tarayyar Turai ta amince da shi a 2009, ya ba da sakamako mai kyau a wasu garkuna, a wasu kuma ba a ga bambanci ba. Wanke hannu, da tatsar mai ciwo a ƙarshe, da tsoma kan nono a maganin kashe ƙwayoyi bayan tatsa, har yanzu su ne ke ɗauke da mafi yawan nauyin.

Abin da zomo ke yi shi ne rage hanya. Cikin awon da aka gwada ya fitar da wanda ya yi kaɗan, ya fitar da wanda ke sa zazzaɓi, ya nuna inda layi ya fara kwanciya, ya faɗi ko allura ta biyu ta zama dole da kuma tazarar da ta dace. Awo biyu ko uku da suka rage su ake kaiwa garke, a yi wa karsana masu ciki na fari makonni kaɗan kafin haihuwa, lokacin da hantsa ta fi rauni, a ɗebi jini, a ɗebi madarar kowane nono daban, a bi su har ƙarshen tatsa.